Koren Bututun Baffa Ilu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina so in manta, da ranar da bin ƙwaƙƙwafina ya tsinka ni a gaban dattawan Adjamé.

Lokacin ban daɗe da fara aiki a wani ɗan ofishin zanen gine-gine a unguwar Treichville ba. Baffa Ilu, aminin babana, mai sayar da atamfa a kasuwar Adjamé, ya tashi gina bene: shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama, da ɗan masallaci a kusurwa. Saboda ni ya kawo mana aikin. Kafin ma a ja layi ɗaya babana ya gama shaida wa abokansa 'yan goro kaf cewa 'yarsa ce za ta zana. (Ni kuwa a ofishin, daga ni sai mai shara.) Maigidanmu na ofis ba ya jin Hausa, Faransancin Baffa kuma na ciniki ne, don haka aka ce ni zan yi bayani ranar da za a nuna masa zanen. Mutuncin babana ke nan aka ɗora min a ka.

A manhajar da muke aiki da ita, mu ke zana bango da ƙofa da matakala. Bututan ruwa da hanyoyin iskar na'urar sanyaya ɗaki kuwa, wata injiniya ce a wani ofishi daban, Madam Akisi, take zana su a nata fayil, sai mu jona shi da namu. Kana ganin kayanta a cikin gininka, amma ba ka da ikon matsar da ko ƙusa. Kamar katangar maƙwabci ce, iyakarka ka shafa fenti ta ɓangarenka.

To, kayan Madam duk launin toka suka zo, sun cukurkuɗe kamar taliya. Abin ya tsaya min a rai. Me ya sa nata ba sa karɓar launi? A ina aka ɓoye makullin? Ni dama tun ina ƙarama rediyon gidanmu bai taɓa kwana lafiya a hannuna ba. Na dinga buɗe wannan ina rufe wancan, har na gano cewa fayil ɗin da aka jona yana bin umarnin shafinmu ne, kuma ana iya ware shi a ba kowane dangin bututu nasa launi. Da na danna, hanyar iska ta koma ruwan ɗorawa, sai da na tafa ni kaɗai.

Daga nan fa abin ya zama biki. Sunayen dangogin duk a taƙaice Madam ta rubuta su, harafi biyu-biyu, ban san ma'anarsu ba. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ni da na gano makulli da kaina, wa zan tsaya tambaya? Sai na yi amfani da basirata. Na ce bututun da ya fi kowanne kauri ai shi ne uwar ruwa, mai shayar da gidan duka, don haka shi ya cancanci girma. Na zaɓa masa kore shar, irin na ƙubbar masallaci. 'Yan siraran kuwa na watsa musu ruwan ƙasa, su je can su ƙarata.

Ranar nuni Baffa ya zo da babana da Malam Hadi, limamin da zai riƙa jan salla a masallacin. Sun sha cunkoson motoci a hanyar Indénié, suka iso suna fifita da hula. Madam ta yi waya cewa tana hanya. Na haska zanen a bango, na juya musu benen sama da ƙasa, na cire rufi suka leƙa ciki. Baffa sai salati yake. Babana ya gyara zama yana kallon maigidanmu, irin kallon nan na ka ga abin da na haifa.

Can Baffa ya nuna da sandarsa ya tambayi mene ne wannan koren tiyo da ya sauko tun daga sama ya bi ta jikin masallaci. Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma na gyara mayafi na ce, "Baffa, ai wannan shi ne babban bututun ruwan gidan."

Malam Hadi ya ce to ai faɗuwa ta zo daidai da zama, sai a fitar da famfunan alwala daga jikinsa. Baffa ya ƙara da cewa a sa ɗaya ta waje da kofi, masu tura amalanke su riƙa sha sadaka, ladan ya je wa mahaifiyarsa. Ni kuma na ce wannan abu ne mai sauƙi, Madam na zuwa za ta saka.

Madam ta shigo, ta gaisa, ta kalli bango ta ɗan tsaya. Ni da bakina na fassara mata buƙatar Baffa, har da kofin. Ta ce in danna bututun ta ga sunansa. Na danna. Sai ta sunkuyo ta faɗa min da Faransanci, a hankali, cewa wannan shi ne yake kwaso duk abin da ya fito daga bayan gidan hawa na sama.

Babana yana jin Faransanci. Na ga ya cire hularsa yana duba cikinta.

"Me ta ce, 'yata?" in ji Baffa.

Na waiga, babu wani tafinta a ɗakin sai ni. Haka na tsaya na juya kunyata zuwa Hausa, kalma bayan kalma, a gaban liman. Na so ƙasa ta tsage. Baffa ya ce, "To, a bar maganar kofin."

Malam Hadi bai yi dariya ba. Ya matso ya tambayi wane bango ne wannan ɗin, aka duba, ashe bangon alƙibla ne, daidai inda zai riƙa sa goshi. Madam ba musulma ba ce, ita gajeriyar hanya kawai ta nema wa bututunta, mu kuma cikin tokar nan ba wanda ya lura. A take ta ce za ta karkatar da shi ta bayan matakala. Da za ta fita ta dafa ni ta ce "yako", sannunsu ta nan garin, ta kuma ce gobe in zo ta koya min launin da masu sana'ar suka saba ba kowane bututu. Na je, da littafina.

A gbaka, ƙaramar bas ɗin haya ta nan garin, muna komawa gida na gwada ce wa babana ai da ban shafa koren ba, da ba a gano ba. Ya ce haka ne, ɓarawo ma wani lokacin shi ke nuna wa mai gida inda katanga ta rushe.

Benen yana nan tsaye yanzu. Famfunan alwala suna jikin ɗaya daga cikin 'yan siraran nan da na raina. Na koyi cewa kauri ba shi ne daraja ba, kuma kafin ka yi wa abu ado ka tambayi abin da ya ɗauko. Sai dai har yau in na bi ta wurin na tarar Baffa yana shirin alwala, sai ya riƙe kan famfon, ya ƙi buɗewa, ya ce, "'Yata, wannan wane launi ne a kwamfutarki?"