Rasuwar Wayar Riskuwa a Bokitin Ƙanƙara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda har yau ya kasa haɗuwa da na maƙwabta, Malam Riskuwa Nu'uman, manomin shinkafa da albasa a Argungu, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramar wayarsa ta hannu, baƙa mai madannai, wadda ta gamu da ajalinta ranar Talatar da ta wuce a wani ɗakin taro a Birnin Kebbi. Ta rasu tana bakin aikinta. Ta tsufa, amma ba tsufa ya kashe ta ba, kuma iyalin sun ga babu amfanin ɓoye wa jama'a yadda abin ya kasance, tunda jama'a sun riga sun gani da idonsu.

Marigayiya ta shigo gidan nan a cikin ɗan kwali, daga shagon Chukwuemeka mai sayar da waya da gyaranta a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, tun 'yar farin Riskuwa tana goye. Yanzu yarinyar ta kusa gama sakandare. A duk tsawon shekarun nan ba ta san wani makwanci ba sai aljihun gefe na rigar maigidanta, tare da goro da makullin babur.

Mai haƙuri ce, mai wadatar zuci. Caji ɗaya yana kai ta mako, ba ta taɓa ɗaga hankalin kowa don an ɗauke wuta ba. Ta faɗo daga amalanken shanu, ta tashi. Sa ya taka ta a bakin gona, bayanta ya tsage, aka ɗaure ta da robar ƙunshin kuɗi, ta ci gaba da hidima kamar ba abin da ya same ta. Fitilar da ke goshinta ta haska cikin injin ban ruwa ranar da ya shaƙe, ta kuma tona asirin kunama a takalmin uwargida Ummu Hani. Ta bakinta dillalan albasa suke sallama daga Kudu. Samarin unguwa sun sha kiranta rakani-kashi a gabanta, ba ta taɓa tanka musu ba.

Amma abin da ya ɗaukaka ta a kan sauran wayoyi amana ce da ta ɗauka ba tare da an ba ta ba. Wata shekara, lokacin cirar albasa, ta danne kanta a cikin aljihu ta naɗi sautin gona. Ba wanda ya sani sai bayan rasuwar Malam Nu'uman, mahaifin Riskuwa, ranar da ɗan nasa yake laluben cikinta yana neman wata lamba. Sai ga iska, ga kukan injin daga nesa, ga muryar tsohon tana kiransa da sunan yarinta wanda ba mai kiransa da shi sai shi:

"Kai, Tamba, ina kash shige? Taho ka kama man wanga buhu."

Malam Nu'uman bai bar hoto mai motsi ba, bai bar kaset ba. Wannan kaɗai ya rage na muryarsa a duniya. Riskuwa ya mayar da ita ƙarar kiran wayarsa. Daga nan duk kasuwar Argungu ta san ta. In tsohon ya ƙwala kira daga aljihu, masu rumfa sukan ce Allah ya jiƙan Malam, shi kuwa Riskuwa ba ya ɗauka sai maganar ta kai ƙarshe. Dillalai sun yi ƙorafin yana da jinkirin amsa waya, bai taɓa gaya musu dalili ba. Chukwuemeka ya taɓa ce masa ya kawo ta a kwafe muryar a ajiye a wani wuri, ya ce in an gama girbi. An yi girbi da dama bayan nan.

Ajali ya fara kusanto ta ne ranar da aka zaɓi Riskuwa shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ta yankinsu. Ba a jima ba takardar gayyata ta zo, za a yi bajekolin sababbin na'urorin noma a Birnin Kebbi, kuma an tanadar masa kujera a babban tebur. Ya ɗinka sabuwar shadda. Ya sayi babbar waya mai faffaɗar fuska, irin wadda ake shafawa da yatsa, ya kwana biyu yana koyon buɗe ta. Da safen tafiya Ummu Hani ta ce ya bar ƙaramar a gida. Ya ajiye ta a kan tabarma, ya kai ƙofar zaure, ya dawo ya ɗauke ta. Layinsa da kowa ya sani yana cikinta, kuma aljihunsa bai saba zama babu nauyinta ba.

Abin da ya gani a ɗakin taron ya fi ƙarfin labari. Ga wani ɗan jirgi maras matuƙi mai feshin magani, wanda aka ce yana gama kadada kafin mutum ya gama alwala. Ga wani ƙarfe da ake cakawa a ƙasa ya gaya wa waya ko gona tana jin ƙishi. Ga agogon hannu da ake amsa kira da shi. Aka zaunar da Riskuwa tsakanin wani babban jami'i da wata injiniya mai suna Oyinkansola, wadda ta zo da na'urorin. Kowa a teburin ya ajiye babbar waya a gabansa, shi ma ya ajiye tasa. Manoman Argungu suna can cikin jama'a, a cikinsu har da Hodi, abokinsa tun na wasan ƙasa, suna hango shi suna jin daɗi. Aka ce a rufe bakin wayoyi. Ya rufe na babbar kamar yadda aka koya masa. Ita marigayiya, tunda take ba a taɓa hana ta magana ba, bai ma san ta inda ake yi ba.

Injiniyar ta miƙe ta ce akwai wata na'ura da za ta ba manomi shawara da Hausa, a yi shiru a ji da kunne. Ɗaki ya yi tsit. Ta danna. Kafin na'urar ta buɗe baki, sai aka ji daga babban tebur, ta cikin lasifika:

"Kai, Tamba, ina kash shige?"

Wasu sun ɗauka na'urar ce ta iya Hausar Kabi haka, har suka fara tafi. Da tsohon ya kai kan zancen buhu, sai ɗakin ya kece da dariya. Mai gabatarwa ya ce a taimaka, in akwai Tamba a kusa ya je ya kama wa dattijo kaya. Dariya ta ƙaru. Babban jami'in ya juyo yana duban na kusa da shi ɗaya bayan ɗaya.

A ƙarƙashin teburin, bayan ƙyallen da aka lulluɓa masa, akwai bokitin ƙanƙara da aka jiƙa lemo a ciki, daidai ƙafar Riskuwa. Iyalin ba za su ce zamewa ta yi ba. Ya zura hannu a aljihu, ya zaro ta a hankali ba tare da ya sunkuya ba, ya sake ta. Sannan ya ɗaga babbar wayar da ɗaya hannun ya nuna wa jama'a, ya ce, "Ba tawa ba ce." Abin maganar lasifika yana gabansa, ba a kashe shi ba. Har na bayan ɗaki sun ji.

Daga cikin ruwa marigayiya ta sake gwadawa. Waɗanda ke teburin sun ce sun ji "Kai, Tam…" a shaƙe, daga nan ba ta ƙara ba.

Manoman Argungu ba su yi dariya ba. Sun sunkuyar da kai ne kawai. Aka ci gaba da taro, jirgin ya tashi ya sauka, aka yi jawabai, aka ba Riskuwa dama ya yi godiya a madadin manoma, ya yi, bai san abin da ya faɗa ba. Sanyin bokitin yana dukan ƙafarsa har aka tashi. Ya tsaya gaisawa da manya har ɗakin ya watse, sannan ya durƙusa ya naɗe hannun sabuwar shaddarsa ya lalube ruwan. Bai samu komai ba sai kwalabe.

A waje ya tarar da Hodi jingine da babur. Hodi ya miƙo masa hularsa a dunƙule, tana ɗigar ruwa.

"Ga ta nan," in ji shi. "Mu tai wurin mai gyara."

Suka hau babur suka nufi Nasarawa, shagon Chukwuemeka.

An yi jinya iyakar iko. Chukwuemeka ya buɗe ta, ya wanke cikinta, ya busar, ya canja mata batir. Ya daɗe yana dubanta da gilashi a ido, sannan ya ce, "Malam, wagga ta daɗe cikin ruwa. Da an cire ta nan take da ta tashi." Bai tambayi abin da ya hana ba, kuma Riskuwa ya gane ya riga ya sani. Aka kawo ta gida aka binne ta a buhun shinkafar gonarsu, kamar yadda masana suka ba da shawara. Ranar Juma'a fuskarta ta kawo farin haske na ɗan lokaci, gida ya taru, sai ya ɗauke. Wannan ne motsinta na ƙarshe. Abin da ke cikinta ya tafi tare da ita.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗe da salatif, da layinta wanda aka mayar cikin babbar waya yana zaman maraici a gidan da bai saba ba. Ta bar Ummu Hani, wadda ta ce a bar ta a gida ba a ji maganarta ba. Ta bar Riskuwa, wanda bai leƙa kasuwa ba tun Talata. Ta kuma bar Inna Balaraba, mahaifiyarsa, matar Malam Nu'uman, wadda ita ce ta yi kiran nan na ɗakin taro don ta ji ko ya sauka lafiya.

Inna tana da 'yar wayarta da ba ta san komai a cikinta ba sai madanni guda, na ɗanta. Kowace safiya bayan ta idar da lazimi takan danna shi daga ɗakinta, ba don tana da magana ba. Takan saurara har muryar mijinta ta ratso tsakar gida ta kai ƙarshe, sannan ta kashe. Ba ta taɓa faɗa ba, shi ma bai taɓa ɗauka ba. Da layin ya koma babbar waya ta danna, sai wani ɗan sauti mai laushi ya amsa. Ta sake dannawa. Sannan ta aika a kira shi.

Ya shiga ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya shirya zai ce ruwa ta faɗa. Ashe matar maƙwabci ta riga shi. Manyan wayoyin da ke ɗakin taron sun ɗauki komai, hoton ya zaga Argungu kafin shi ya iso gida, har wani ya turo masa nasa.

"An ce Malam yana cikin wayarka babba," in ji Inna. "Kunna man."

"Inna, akwai dariyar mutane ciki. Akwai kuma tawa maganar."

"Na jiya, na sani. Kunna."

Ya kunna. Ta rufe ido. Tsohon ya yi kira, ɗaki ya yi dariya, ɗansu ya ɗaga waya ya ce ba tasa ba ce. Riskuwa yana kallon tabarma. Ya ce mata ya riga ya kai wa Chukwuemeka hoton don ya ware muryar Malam, amma dariyar mutane da maganar tasa duk sun hau kanta, in an cire ɗaya sai an cire ɗayar. Ya ce zai nemi wanda ya fi shi na'ura, ko a Sakkwato ne.

"Bar shi hakanan," ta ce. "Shi yana kira, kai kana amsawa. Ko da yana da rai ai ba kullum kake ba shi amsa mai daɗi ba. Gobe ka kawo man da sahe."

Tun daga ranar yake kai mata. Shi yake riƙe wayar, don ba ta iya shafa ta ba.

Za a yi wa marigayiya sutura ranar Asabar bayan la'asar, a gefen gonar albasa ta fadama inda ta yi yawancin rayuwarta. Liman ya bayyana cewa ba a yi wa waya salla, saboda haka rami kawai za a tona, kuma Hodi ya ce shi zai tona. Za a cire batirin a ba Chukwuemeka don kada ya ɓata ƙasa. Ba a buƙatar gudummawar sabuwar waya, akwai ta. Waɗanda suke da hoton taron a wayoyinsu, ana roƙon su bar shi a aljihu in sun zo.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida daga hantsi. Wanda ya riga ya iso kafin nan, ya samu tabarma a zaure ya zauna, kada ya ɗaga murya da sallama. Maigidan yana ɗakin Inna, zai fito in sun gama.