Ranar da Kunu Ya Kayar da Likita

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da kunu ya tona mini asiri a Damagaram ba. Shekarun fari da yunwa ne, na dawo daga Yamai ina koyon aiki a hannun wani babban likita da muke kira Baba Lokotoro. Ni ɗan manoman ƙauyen Hamdara ne, kuma a lokacin ba a cika ganin irinmu cikin masu koyar da likitoci ba. Shi ya sa Baba ya ɗauke ni kamar ɗansa, ya ce zai rubuta mini takardar da za ta kai ni koyarwa, amma sai ya ga yadda nake jan mutane tukuna.

Ranar gwajin, ya ba ni rumfar da ake ciyar da yaran da yunwa ta kama. Aikina in nuna wa iyaye mata da ɗalibai shida yadda ake kunun gero da garin ƙuli-ƙuli. Na kwana uku ina shiri. Na san amfanin kowane abu a jikin yaro, da Faransanci kuwa, har da zane a allo. Abu ɗaya kawai ban sani ba (Allah Ya shirye ni): tunda uwata ta haife ni ban taɓa dama kunu ba. Sha kawai nake yi.

Na gyara farar riga, na yi jawabi mai tsawo, sannan na ɗauki kwanon gari na juye cikin tafasasshen ruwa gaba ɗaya. Na ji matan sun yi tsit, na ɗauka kwarjinina ne. Ina juyawa, gudaji na tasowa, manya-manya kamar ƙwan zabi. Na ƙara ƙarfi, ya kama ƙasan tukunya, ƙauri ya tashi. Kuma wannan garin shi ne abincin safen yaran, ga su zaune sun zuba mini ido. Wallahi gumi har cikin takalmina.

Sai wata tsohuwa ta miƙe daga baya. Gwaggona ce, ƙanwar babana, ta kawo jikanta, ni kuwa tsabar jin kai ban ma lura da ita ba.

"Sani, ɗan nan, ba ni ludayin," in ji ta. "Duk karatun Yamai ba su gaya maka da ruwan sanyi ake fara damawa ba?"

Rumfar ta kwashe da dariya, har ɗalibaina. Ta tace abin da zai tatu, ta murje gudajin, ta ceci kunun, yara suka sha. Sauran da ya ƙi murzuwa Baba ya zuba mini a kofi, ya tsaya sai da na shanye. Na riga na haƙura da takarda.

Da muka fito ya ce mini mata talatin ne a rumfar nan, kowacce ta fi ni sanin kunu, amma ban tambayi ko ɗaya ba. Ya ce zai rubuta takardar, amma sai na yi mako guda ina ɗalibin Gwaggo.

Na yi makon, kuma ba ta raga mini ba ko kaɗan. Yau shekaru da yawa ina koyarwa, kuma duk ɗalibin da ya zo hannuna sai ya dama kunu a gaban iyaye mata kafin in sa masa hannu. Na koyi cewa kafin ka hau gaban mutane, ka tambayi wacce ce cikinsu gwaggonka.