Salamanda a kan Darbejiyar Rusaifa

Wani ne a unguwar Tandabawi ta Makka, tun da ya zo aikin hajji ya maƙale, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba dalilinta. In ya hango askari, ɗan sandan Saudiyya, sai ya shige lungu kamar ɓera. Wata shekara a Mina ya samu aikin tura keken wani tsohon malamin dabbobi daga Kolombiya. Tsohon ya nuna masa hoto a waya, yana bayani da Larabcinsa na kame-kame.

"Wannan salamanda ce, mai kama da tsaka. A kan bishiya take zama, can dajin tsaunukanmu inda ruwa ba ya ɗaukewa. Ba ta da huhu, da fata take numfashi. Wanda ya gano sabon iri, da sunansa ake rubuta ta a littattafan duniya."

Gogan naka ya ce, "Suna a takarda? Da hatimi?"

"Har da hoto."

Shi ke nan fa, kai ya ɗau zafi. Ya garzaya wurin Munzali mai shayi.

"Na samu iƙama! Wata tsaka kawai zan nemo."

"Tsaka? Ga su nan fal a bango."

"Waɗannan gama-gari ne, masu huhu. Tawa sai a sama, sai da danshi."

"Kai, farauta a Harami?"

"Wa ya ce kamawa zan yi? Gaisawa za mu yi."

"To ina ruwan saman?"

"Ruwa ai a jarka yake."

Da rana tsaka ya ɗauki jarka ya haye wata darbejiya a bakin titin Rusaifa. Ya jiƙa reshe, ya jiƙa ganye, kafin ya waiga sun bushe ƙamas. Sai ya tuɓe riga ya kwara sauran a kansa, ya rungume reshe, ya toshe hanci, wai zai yi numfashi da fata don ta ɗauka ɗan'uwanta ne. Idanu suka firfito. Jama'a suka taru suna ɗauka a waya. Kwatsam sai ga motar askarawa. Wani askari ya fito ya ɗaga kai.

"Ya Hajj! Esh hada? Me kake yi a sama?"

Wawan, maimakon ya ja bakinsa, sai ya ce, "Sidi, a hankali, kar ka kore ta. Wata halitta nake nema, ba a taɓa rubuta sunanta a ko'ina ba. A sama take laɓewa, jikinta sharkaf."

Askarin ya dube shi sama da ƙasa, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

"Mabruk, barka, na riga ka ganinta. Yalla, sauko mu je a rubuta ta."