Rasuwar Rishon Gidan Narasaki a Kan Tsauni

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Tokiko Narasaki ta garin Furano, a madadin kaina da yayata Haruyo, nake sanar da 'yan uwa da abokan hawan dutse rasuwar rishonmu, wanda ya cika a bukkar mafaka da ke kan tsaunukan Daisetsu a ƙarshen kakar bana, bayan gajeriyar jinya. Ya rasu yana bakin aiki, da tukunya a kansa.

Marigayin na tagulla ne, mai ƙafa uku, bai fi kwanon miya girma ba. Mahaifinmu ya sayo shi tun muna 'yan makaranta, kuma marigayin bai taɓa cin wani abu ba sai kananzir. Ba ya son gaggawa. Sai an ɗiga masa sifirit a kwarmin wuya an kunna, ya ji ɗumi, sannan a buga famfonsa. In an bi shi a haka zai ce "tsss", ya yi tari, sannan ya kama gurnani, "gurrr", irin wanda ke hana hira. Mahaifinmu yakan ce shi ya sa yake ƙaunarsa, don shi kaɗai ke iya rufe bakin Haruyo.

Shaidar da za mu yi masa ita ce bai taɓa ɓoye abin da ke cikinsa ba. In tankinsa ya cika, babu iska, ruwan kuma na rafi ne, zai tafasa tukunya goma sha biyu. Iska takan cinye kashi ɗaya cikin uku. In aka manta murfi, nan ma a yi asara. Duk wanda ya taɓa tafiya da shi ya san lissafin: a ƙirga bakunan da za su ci, a ƙirga tukwanen safe da yamma, a ɗora na kwana guda saboda halin tsauni. Da wannan lissafin muka tashi, mu biyu tsofaffi, da tanki cike, da kuma ƙaramar kwalbar kananzir ɗaya. Na so in ƙara wata kwalbar, Haruyo ta ɗaga jakata ta dire.

"Da gwiwar wa za ki ɗauka?" ta ce. "Tawa ta mutu, taki tana hanya."

Ga yadda jinyar ta faro. Dusar ƙanƙara ta riga lokacinta sauka. Da ƙyar muka kai bukkar, iska ta rufe hanya a bayanmu, rafin da muka dogara da shi ya daskare ya binne. Ba ruwa ke nan sai an narka dusar ƙanƙara, ita kuwa ninki biyu na kananzir take ci: a cika tukunya fal, ta narke ta koma ɗan abin da bai rufe gindin tukunyar ba.

A cikin bukkar muka tarar da wani mutum kwance, jiƙe sharkaf, mai suna Genta Mochizuki, ma'aikacin ofis daga Nagoya. Yana da sabon risho mai aiki da gwangwanin gas, amma gwangwanin ya ƙare masa tun safe.

"Iya, ku yi haƙuri," ya ce, haƙoransa suna karo. "Da na girgiza shi a gida, na ji kamar da saura."

"Kamar da saura!" in ji Haruyo. "Kai da kunne kake auna wuta? Miƙo ƙafar nan, shashasha."

Tana faɗan tana cire masa safa. Yatsun ƙafarsa ta hagu sun yi fari fat, sun ƙage kamar itace. Muka dubi juna. Lissafin baki biyu ya koma na baki uku, ruwan rafi ya koma dusa, ga kuma ƙafa da ƙirjin mutum da ke neman kwalbar ruwan ɗumi safe da yamma.

Sau ɗaya wayata ta shiga. Masu ceto suka ce jirgi mai saukar ungulu ba zai tashi ba sai iska ta lafa, kada mu motsa. To, ina ma za mu motsa? Dusa ta danne ƙofa, ta haura taga, har rana ta koma wani haske mai toka-toka da ba a gane safiya da yamma a cikinsa. Ɗakin bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, taku kaɗan ka ci karo da bango. Ta wata ƙaramar kafa a sama muke miƙa tukunya mu ɗebo dusa, iska ta mare mu mu dawo. Kwanakin suka haɗe mana. Abin da kawai ke nuna lokaci yana tafiya shi ne tsinken cin abinci da nake tsomawa a tankin marigayi, in zaro in duba inda laima ta tsaya. Kullum ƙasa take yi.

Muka daina dafa shinkafa. Taliya ma sai dai a jiƙa ta a ruwan ɗumi. Muka daina jira ruwa ya tafasa, da ya yi zafi sai a kashe. Muna barin ɗan ruwa a gindin tukunya muna zuba dusa kaɗan-kaɗan, don ta fi saurin narkewa a haka. Haruyo, wadda ba ta iya buɗe ido ba tare da shayi ba, ta haƙura da shi, sai bakin nata ya ƙara kaifi. Da Mochizuki ya lura leɓunanmu sun tsage, ya ture kwalbar.

"Iya, ku bar ƙafar nan haka, ku sha ruwan."

"Rufe mana baki," Haruyo ta ce. "Ƙafar ma ba taka ba ce yanzu. Kananzirinmu ne a ciki."

Duk wannan marigayi bai yi ƙorafi ba. Iskar da ke shigowa ta tsagun katako tana kaɗa masa harshe tana sace rabin zafinsa, shi kuwa yana ta gurnaninsa.

Ranar da tsinke ya fito da laima a bakinsa kawai, Mochizuki ya daina rawar ɗari, ya fara magana ba kan gado, yana kiran sunan 'yarsa. Abin da ya rage ba zai narka tukunya ɗaya ba in iska tana ci. Na jawo wani guntun langalanga daga ƙarƙashin benci, na lanƙwasa shi zagaye da marigayi, har ƙasa. Dukanmu mun san haɗarin. In aka rufe masa ciki, zafi zai koma wa tankinsa.

"Baba ya hana," in ji Haruyo.

"Na sani, Yaya."

Ta dubi mutumin da ke kwance. Sai ta naɗe hannu da tawul ta riƙe langalangan da kanta.

Bai taɓa aiki kamar na ranar ba. Tukunya ta farko ta narke ta yi zafi, muka cika kwalabe, muka ɗora ta biyu. Tana fara tururi muryarsa ta sauya, ta koma "fyuuu", siririya. Likin dalmar wuyansa ya narke, wuta ja ta leƙo ta inda bai kamata ba. Na yi maza na kwance masa iska. Ya ce "fsss", a hankali, ya yi shiru. Sai ƙarar iskar waje ta cika ɗakin.

Ruwan nan ne ya riƙe mu har safiyar da sama ta buɗe masu ceto suka sauko. Mochizuki ya rasa yatsu biyu, ƙafar kuwa tana nan, haka ma ransa.

Marigayi ya rasu ya bar tukunya ɗaya mai lotsattsen murfi, da allurar da ake tsokane masa hanci, da mazurari, da kwalbar da babu komai a ciki. Ya bar ni da Haruyo, da wata yarinya a Nagoya wadda ba ta taɓa ganinsa ba.

Game da jana'iza, muna baƙin cikin sanar da cewa gawar tana can. Masu ceto sun ce mutane kawai za su ɗauka, don haka muka naɗe shi a gyalen Haruyo muka kwantar a ƙarƙashin benci. Hanya ba za ta buɗe ba sai dusa ta narke a watan Yuni. Sannan za mu hau. Mochizuki ya roƙi a bar masa ɗaukar gawa, yana ta koyon tafiya da sabon takalmi saboda haka. Za a kawo marigayi Furano, malamin haikalin unguwarmu ya yi masa addu'a, a ajiye shi kusa da hoton mahaifinmu. Muna roƙon masu ta'aziyya su daina aiko da sababbin risho, sun riga sun taru a bakin ƙofa ba mai kallonsu.

Ga duk wanda ya riga mu isa bukkar kuwa: zai ga ƙunshi a ƙarƙashin benci. Yana iya buɗewa ya gaishe shi. Amma komai sanyi, kada ya zuba masa kananzir. In an buga famfon zai yi kamar zai tashi, wuyansa kuwa a fashe yake. A mayar masa da mayafinsa, a bar shi ya jira mu.