Dakta Sada da Ɗan Kamar Ƙofar Marusa

Katsina ta yi malamai, amma sai da Allah ya ba ta Dakta Sada ta san ta yi dace. Wata tara ya yi a Ingila, ya dawo da digiri a kan yadda marubutan Turai na shekaru ɗari biyar da suka wuce ke kwaikwayon rubutun manya don su yi musu shaƙiyanci. Mu dai ba mu ga takardar ba, amma mun ga tabarau a kan karan hanci, da biro uku a aljihu, da kwat a kan kaftani ko ana zafin bazara. Ɗalibansa na kiransa Turai-Ta-Ce, domin da haka yake buɗe kowace magana, bayan gyaran murya sau uku.

Ya sha faɗa a aji cewa Bahaushe bai san wannan fasaha ba sam. 'Yan kama, masu juya waƙar makaɗa da karatun malamai su mai da su zancen tuwo, a wurinsa mayunwata ne kawai. Ya ce shi ko daga bayan katanga aka yi masa zambo sai ya gane.

Da soja suka koma bariki, zuciyar Dakta ta kwanta a kan kujerar mai ba ƙaramar hukuma shawara kan al'adu. Wuƙa da nama na hannun Alhaji Babaji, shugaban jam'iyya, manomi daga Batagarawa, wanda bai taɓa ganin Dakta ido da ido ba. Wasiƙunsa kawai ya sani, masu shafi goma sha. Da suka ishe shi, ya aika masa ya zo taron jam'iyya a Ƙofar Marusa bayan la'asar, ya yi jawabi a ji.

Dakta ya makara da gangan, don a ganinsa babba ba ya riga jama'a zuwa. Kafin ya iso, aka ba Tanko ɗan kama fili ya ɗebe wa mutane kewa. Tanko kuwa ya shekara yana nazarin Dakta a bakin masallaci. Ya aro kwat, ya laƙaba tabarau, ya gyara murya sau uku, ya ce Turai ta ce fura ba ta damuwa sai da digiri. Mutane har da riƙe ciki. Aka raɗa wa Alhaji cewa ai Dakta Sada ake kwaikwayo.

Tanko na sauka, sai ga Dakta. Bai jira a gabatar da shi ba, ya karɓi lasifika, ya gyara murya sau uku.

"Turai ta ce al'ummar da ba ta iya dariyar manyanta ba, ba ta waye ba."

Wurin ya kaure da shewa. Wallahi na tausaya masa, don fuskarsa ta cika da murna, a zatonsa ilimi ne ya ratsa jama'a. Ya ƙara ɗaga hanci, dariya ta ƙaru.

Alhaji Babaji ya taso yana share hawaye, ya liƙa masa naira ashirin a goshi, ya dafa kafaɗarsa.

"Kai ma ka iya, malam, amma ka cika gishiri. Na hwarkon ya hi ka kama da shi. In dai haka mutumen nan shike, gara da bai zo ba."