Rasuwar Ordinatar Jemima

Da zukata masu nauyin baƙin ciki, iyalan Malam Obadiya na unguwar asibitin mishan, tare da dangi na Madawa da Buza, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ordinatar, wato kwamfutar, ɗiyarsu Jemima, wadda ta cika ranar Talata da azahar, a tsakiyar bazarar 1996, a ɗakin hayarsu na Buza. Ta rasu tana bakin aiki.

An haifi marigayiya a ƙasar Turawa. Ta yi ƙuruciyarta a wani ofis a Yamai har aka sallame ta don tsufa. Can wani farfesa ya tsince ta, ya damƙa ta ga Jemima lokacin da ta fara binciken digirinta na dakta. Ta iso Adar a bayan kamiyon ɗaukar kaya, naɗe cikin bargo, tsakanin buhunan siminti, ba ta yi ƙorafi ba.

Tambaya ɗaya ce ta haɗa su. Me ya sa wata shekara saurayi zai tafi cin rani Abijan babu mai bin sa, wata shekarar kuma ɗaya ya tashi gari ya kwashe? Jemima ta bi garin Allakaye gida gida tana tambayar wa ke abota da wa, wa ke cin tuwo da wa. Ta dawo ta gina garin a cikin marigayiya, kowane mutum ɗigo kore. Kowane ɗigo yana duban abokansa, in ya ga yawancinsu sun tafi, shi ma ya ɗauki jakarsa.

Marigayiya mai haƙuri ce da riƙon amana. Ta san sirrin gari guda, ba ta taɓa kai tsegumi ba. Ba ta da gaggawa: a yi mata tambaya da hantsi, ta amsa bayan la'asar. Duk wanda ya zauna da ita zai tuna gaisuwarta ta safe, "tit", da gyaran muryar da ke biyo baya, "ƙirr, ƙirr, ƙat", kamar tsohuwar da ke tashi daga tabarma.

Iyali ba sa ɓoye cewa tana da rauninta. Fiye da shekara, duk lissafin da ta yi, garin ya watse ƙaf: samari, tsofaffi, mai gari, har liman. Wata rana, saboda waƙafi ɗaya da ya zauna inda ba wurinsa ba, rijiyar gari ma ta kama hanyar Abijan. Jemima ta aika wa farfesa sakamakon, ya mayar da shi da jan alƙalami yana tambayar wa ya biya wa rijiya mota. Ranar nan Jemima ba ta ci abinci ba, amma ba ta ɗaga wa marigayiya murya ba.

Labari ya bazu cewa mutanen Allakaye suna cikin akwati a Buza. Ranar kasuwa sai ga Fatsima, matar Halidu, wanda damina bayan damina ba a ga ƙeyarsa ba. Ta ajiye ƙwaryarta ta ce, "Ɗiyata, an ce mijina na cikin akwatin ga. Ki tambaye ta ko shina dawowa."

Jemima ta yi mata bayani cewa ɗigon ba Halidu ba ne, kwatanci ne kawai.

Fatsima ta ce, "To, kwatancin ma gwada min shi."

Aka nuna mata. Ta matso da fuska ta yi masa faɗan da ta daɗe tana tanadi, marigayiya na saurare cikin ladabi. Bayan ta tafi ne Jemima ta tuna ba ta taɓa buɗe wa ɗigogin nan hanyar dawowa ba. Ta kama gyara ba ji ba gani. Tun daga nan Fatsima ba ta fasa zuwa kowace kasuwa ba.

Ciwon ajali ya fara da zafin jiki. Numfashin marigayiya ya sauya, bakinta ya daina karɓar disket, don haka duk gyaran nan babu inda aka adana shi sai cikinta. Jemima ta yi jinya iyakar ƙoƙari. Ta yi mata fifita da faifai, ta shimfiɗa mata jiƙaƙƙen zane, uwar Jemima, Hauwa'u, ta zo takanas ta ɗora mata hannu ta yi addu'a.

Ranar Talatar, a karo na farko, garin bai watse ba. Ɗigogi suka tafi, damina ta kawo kai, suka soma juyowa. Na Halidu ma ya juyo, ya taho a hankali har bakin gari. Jemima ta yi kuwwa, ta rarumi disket ta tura, baki ya ƙi. Sai ƙauri ya tashi. Marigayiya ta ce "tiiit", ta ce "fuu", fuskarta ta yi duhu.

Ɗanmaraya, mai gyaran rediyo na Madawa, shi ya buɗe cikinta. Ya tarar zanzaro ya gina gidan laka a kan fankarta, ya ƙara ɗaki a bakin disket, iyalinsa na ciki lafiya lau. Ya cire hularsa ya ce, "Sai haƙuri. Wagga ba ta ƙara tashi."

Ta rasu ta bar allon rubutu da harafi ɗaya ya faɗi, da ɓeranta mai doguwar wutsiya, da ɗan injin wuta da ya ciyar da ita duk zamanta, wanda yanzu yake takaba a zaure. Ta bar tsofaffin disket, inda har gobe garin Allakaye yana Abijan. Ta bar Jemima da bincike mara ƙarshe, da farfesa mai jiransa kafin ruwan farko, da abin da idonta ya gani babu shaida. Ta bar Fatsima, wadda da aka gaya mata inda ɗigon ya tsaya ta ce, "Bakin gari ya kai, bai shigo ba? Halinshi ne."

Fasto da liman duka sun nemi a yi musu uzuri, saboda haka Ɗanmaraya ne zai yi mata sutura. Za a binne ta ranar Asabar da hantsi a gindin itacen bedi na bayan gida. Zaman gaisuwa a tsakar gidan, akwai tabarmi da fura. Jemima ta share hawaye, ta sayi takarda, za ta zauna a bakin ƙofa da alƙalami. Tana roƙon masu zuwa kowa ya zauna kusa da abokinsa, kuma kowa ya tashi lokacin da ya ga dama. Ita dai za ta duba wa ya bi wa.