Yaƙin Cindo Mai Faci da Bos Mai Baƙar Malafa

Da sunan Mai tsare bayan bayinsa muke buɗe tarihin Cindo ɗan Nomau, jikan Jatau mai gatari, tattaɓa-kunnen Barmo wanda ya kori muzuru daga akurki da murfin tukunya. Cindo Sarkin Facin Taya na bakin tashar Talata Mafara, Garkuwan Bencin Gaba, fitilar ma'abota kallon kaboyi.

Sau goma sha tara ya kalli fim guda a rumfar kwanon Malam Ɗanbala, fim mai dawaki uku da gari mai gida biyar, inda wanda aka kashe da farko yakan dawo da gashin baki a sake kashe shi. Cindo bai jin Turanci, bai kuma nema ba: mai farar malafa shi ne jarumi, mai baƙa shi ne bos. Sau goma sha tara azzalumin bos yana laɓaɓowa ta bayan jarumi a bakin rijiya ya harbe shi a kafaɗa, Cindo yana kwarma gargaɗi har muryarsa ta dushe, ba a saurare shi ba.

Ranar kasuwa bayan azahar, himma ta motsa, kishi ya tafasa, zuciyar sadauki ta rantse cewa yau zalunci zai ga iyakarsa. Da bos ya leƙo, Cindo ya miƙe bisa benci, ya zare takalminsa na dama, ɗinkin tsohuwar taya mai nauyin dutsen niƙa.

"Kai matsoraci, ga ɗan Nomau!"

Takalmi ya keta sararin rumfa, ya tsallake talabijin, ya fizge wayar lantarki daga bango. Bos ya ɓace, da dokinsa da hamadarsa baki ɗaya. Nasara ta tabbata tsawon numfashi biyu, kafin mutum arba'in su tashi daga benci a fusace.

"Malam Cindo, fita," in ji Ɗanbala.

"Ranka ya daɗe, rai na ceta."

"Kaset ne. Fita."

Daga waje, ƙafa ɗaya a ƙasa mai zafi, gwarzo ya manna ido a hujin ƙusa da ke jikin kwanon rumfa. Aka ɗaura waya, hoto ya dawo, bindiga ta tashi, jarumi ya dafe kafaɗa ya faɗi.

Cindo ya dubi mai rake da ke gefe, ya gyaɗa kai.

"Ko ba komai, na ƙara masa minti goma na lafiya."